Saito ko firabet? Amsa ga uwar yara biyu a Aboabo

Saƙon da ya shigo: "Salamu alaikum Hajiya. Muna zaune a Aboabo a nan Kumasi, yarana biyu, namijin shekara shida macen huɗu. Namijin yana zuwa wata firabet a bayan layinmu amma bana sun sake ƙara kuɗi, ga kuɗin abinci kullum ga na littattafai, maigidana kuma makanike ne a Suame Magazine, aiki yau akwai gobe babu. Yace a maida su saito, wato makarantar gwamnati, ta kusa da mu. Yayarshi kuma tace in muka kai su saito mun kashe musu gaba, wai yaran saito basa jin turanci sai zagi. Ni ban yi boko mai nisa ba, ban san yadda zan gane makarantar mai kyau ce ko a'a ba. Kwana biyun nan ko magana sosai bama yi da shi a kan wannan. Dan Allah ki bani shawara."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya miki su ya shirya su. Abinda ya fara tsaya min a rai a saƙonki ba makarantar bace, shirun nan ne da ya shiga tsakaninki da maigidanki. Mutumin nan fa bai ce a cire yara daga karatu ba, cewa yayi aljihuna bazai ɗauka ba, kuma namijin da ya faɗa miki gaskiyar aljihunsa tun kafin a fara koro miki yaro gida saboda kuɗin tam wallahi ya kyauta miki. Na ga yara da yawa a unguwanninmu na zango da sunan suna firabet amma kowane tam sai sun yi sati biyu uku a gida ana jiran a haɗa kuɗi, su koma an wuce su, a sake koro su lokacin jarabawa, yaro ya tashi da kunya da tsoron ofishin makaranta. Yaron da yake zuwa saito kullum ba fashi yafi wannan samun karatu nesa ba kusa ba. Don haka yau ɗin nan ki sauko ki ce masa kin ji maganarsa, amma kina so ku je tare ku ga makarantar da idonku kafin a yanke, na tabbata bazai ƙi ba.

Ita kuma yayarsa kar ki ɗauke ta a maƙiyiya, tsoronta yana da tushe. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji biyu na firamare a faɗin Ghana a 2013 da 2015 ya nuna wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai suke iya karatu tiryan tiryan suna fahimtar abinda suka karanta, da yawansu ko kalma ɗaya basu iya karantawa ba. An daɗe da yin wannan gwajin, an ma canza manhaja a 2019, amma duk wanda ya koyar a ajin gwamnati ya san matsalar bata tafi gaba ɗaya ba. Inda na rabu da ita shine da ta haɗa saito duka ta zuba a kwando ɗaya. A fili ɗaya ma zaki tarar da makarantu biyu ko uku, ƙofa ɗaya yunifom ɗaya, kowace da nata hedmasta, wannan yaranta suna karatu waccan kuma sai hayaniya. Haka firabet ɗin ma, akwai masu kyau sosai akwai kuma wacce mai ita ya kama ɗakuna huɗu ya shafa fenti ya zana zaki da giwa a bango ya ɗauko yaran da suka gama sakandare jiya yana biyansu abinda bai kai ya kawo ba, shiyasa kowane tam sabuwar fuska. Malaman gwamnati mafi yawansu sun fito daga kwalejin horar da malamai irinsu Wesley da St. Louis da muke dasu a nan Kumasi, kuma a 2018 aka shigo da jarabawar lasisi ga sababbin malamai. Wato ilimin koyarwar akwai shi a saito, abin tambaya shine ana shiga aji ana yi ko ba'a yi, kuma wannan ba wanda zai faɗa miki daga gida, gani ya kori ji.

To ga yadda zaku yi. Kar ku je satin farko na buɗe makaranta, lokacin shara da cire ciyawa ake yi, kuma kar ku je ranar da ake wani biki. Ku zaɓi Talata ko Laraba a tsakiyar tam, ku isa tun kafin a yi asambule, ku tsaya daga gefe kamar masu jiran wani. Ki lura malamai nawa ne suka iso kafin a buga ƙararrawa, nawa ne suke shigowa bayan yara sun daɗe a aji. In an shiga aji ki ɗan zaga ta baranda ki ƙirga azuzuwan da akwai babba a tsaye yana koyarwa da waɗanda aka bar wani yaro da sanda a hannu yana rubuta sunan masu surutu, malamai kuma suna ƙarƙashin bishiya suna danna waya ko wata madam tana tallan atamfa ga 'yan uwanta. Aji ɗaya babu malami ba komai bane, mutum yana rashin lafiya yana zuwa jana'iza, amma in rabin azuzuwan haka suke da ƙarfe tara na safe to kin samu amsarki. In da hali ke kaɗai ki sake leƙawa wata rana bayan an dawo daga burek na biyu, don wasu makarantun da safe ras suke, rana na yi shikenan karatu ya tashi.

Sannan ku shiga wurin hedmasta ko hedmistires ku gaisa da mutunci ku ce kuna so ku kawo yara. Ni a ganina rabin makarantar gwamnati shugabanta ne. Wanda ya riƙe makarantarsa zaki gane shi, baya jin haushin tambaya, ya san yawan yaran kowane aji ba sai ya buɗe littafi ba, yana kiran yara da sunansu, in kika ce kina son ganin ajin da ɗanki zai zauna zai tashi ya kai ki da kansa. Wanda kuma tun baki zauna ba ya fara lissafa miki kuɗin da zaki biya, ko ya ce ba'a shiga aji, ki yi masa godiya ki fito.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi maida hankali, don duk sauran abubuwan ana iya yi musu kwalliya banda wannan. Ki nemi littafin aikin yara, ba na wanda malami zai zaɓo miki ba, na yaran maƙwabta da suke zuwa can, 'yan aji biyu ko aji uku, da yamma in sun dawo ki kira biyu ko uku ki ce su kawo jakarsu. Ba sai kin iya turanci ba kafin ki karanta littafin aiki. Ki duba kwanan wata a saman kowane shafi, aiki nawa aka yi a satin nan, nawa a wanda ya wuce. Ki duba jan biro, malami yana makin kuwa, in yaro ya faɗi ana sa shi ya sake yin gyara a ƙasa ko kawai an ja masa layi an wuce. Littafin da tam ya kusa ƙarewa amma shafi biyar kawai aka taɓa ya gama gaya miki komai. Daga nan ki ɗauko littafin karatunsu ki sa yaron ya karanta, amma ki yi hankali, yaranmu gwanayen hadda ne, sun saba tun daga makarantar allo, zai iya rera miki shafi guda daga sama har ƙasa alhali bai san kalma ɗaya a ciki ba. Ki sa yatsa a kalma ta tsakiya ki ce mene wannan, ki tsallaka ƙasa ki koma sama, ko ki bashi kwalin magani ko ledar Milo ya karanta abinda bai taɓa gani a aji ba. In ya tsaya yana haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya yana fitar da sautinsu har ya kamo kalmar, ko da a hankali ne, alhamdulillahi ana koyar dasu ta hanyar da ta dace. In kuma ya kalli silin yana cankar abinda ya haddace, kuma duka yaran ukun haka suke, to ba laifin yaran bane. Ki samu wata 'yar uwa da take sakandare ta zauna kusa da ke ta tabbatar miki daidai yake faɗa ko ba daidai ba, ta kuma tambaye shi da Hausa me labarin yake cewa. Ki basu ɗan lissafin canji ma, in na baka sidi 20 ka sayo koko da ƙosai na sidi 13 nawa zaka dawo min dashi, ɗan aji uku ya kamata ya amsa ba tare da ya sha wahala ba.

Kuma dan Allah wannan gwajin ki yi wa ɗanki shima, da 'yan gabansa a firabet ɗin da yake yanzu. Yaro ya iya cewa gud monin da rera waƙoƙin turanci ba shine karatu ba, mu iyaye muna ruɗuwa da wannan sosai. Wataƙila ki tarar firabet ɗin tana aiki da gaske, wataƙila kuma ki tarar kuɗin da kuke ta wahalar nema ba abinda yake sayo muku sai tai da safa.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu 'yan zango wanda ba kowa yake kawo shi a lissafi ba, maganar yare. Tsarin gwamnati shine a ƙananan azuzuwa, daga KG, ajin da ake yi kafin firamare, zuwa aji uku, a riƙa amfani da yaren gida wurin koyarwa ana shigo da turanci a hankali. Yarukan da gwamnati ta amince dasu a makarantu akwai Dagbani akwai Gonja akwai Ga da Ewe da sauransu, amma Hausa bata ciki, a Kumasi Tonanci ake yi wato Twi ɗin Asante. Kinga yaron da ya tashi a cikin gida Hausa kawai yake ji, ranar farko zai haɗu da baƙin yaruka biyu a lokaci ɗaya, sai ya yi shiru a aji a ɗauka daƙiƙi ne alhali kansa ras yake. Namijin naki mai shekara shida in yana wasa a layi ƙila ya riga ya tsinci Tonanci, amma 'yar ƙaramar ki tambaya a KG ko akwai madam ko mai taimaka mata da take jin Hausa, wacce in yarinya tace zata yi fitsari ko cikinta na ciwo za'a gane. A makarantun Aboabo da Asawase da Sawaba ana samu sosai tunda yaranmu ne suka cika su. Kuma kar ki ji haushin Tonancin, riba ce gare su, a garin nan zasu yi kasuwa su nemi aiki, yaren gida kuma darasi ne da ake rubutawa a BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare wato JHS. Ke dai ki riƙe musu Hausarsu a gida, ki yi musu tatsuniya ki sa su baki labarin abinda aka yi a makaranta, yaron da bakinsa ya buɗe a yarensa baya wahalar kama wani.

Kafin ku bar harabar ki ce zaki kama ruwa, ki je ki ga bayin da idonki. Ba wasa nake ba. In babu bayi ko an kulle shi da kwaɗo sai malamai kaɗai, yara bayan aji suke zuwa ko su fita waje, yarinya 'yar shekara huɗu kuma bata da wurin fita ita kaɗai. Ki duba akwai ruwa, ki duba akwai katanga da get ko kowa ratsawa yake da babur da awaki, da yamma kuma 'yan shaye shaye su maida azuzuwan ɗakinsu a zo da safe yara ne zasu share. Ki leƙa ajin ki ga benci mai cin mutum biyu yara nawa ne a kai, in huɗu ne suna rubutu a cinya, na baya kuma ko allo basa gani, to ko malamin mala'ika ne bazai iya bin kowa ba. Sai hanya, ku taka ta da ƙafa daga ƙofar gida zuwa get yadda yaran zasu riƙa yi, akwai tsallaka babban titi inda pragya mai ƙafa uku da motocin haya na trotro suke rige rige, akwai gada ko kwata da take cika in an yi ruwa, kin san dai halin rafin Aboabo da damina. Makaranta mai kyau da sai an tsallaka titi biyu da wacce ta ɗan gaza ta amma tana cikin layi, ga ɗan shekara shida ni sai na yi tunani sau biyu.

Maganar duka kuma, GES, wato hukumar ilimi ta Ghana, ta hana bulala a makarantu tun 2017, amma ni da ke mun san sanda bata ɓace ba. Ki tambayi yaran maƙwabta wa ake tsoro kuma don me. Malami mai tsare gida daban, wanda yake dukan yaro don bai kawo kuɗin eksta kilas ba daban.

Baki faɗa min wace irin saito bace ta kusa daku, don suna da yawa. Akwai na asambli, wato hukumar gari, masu M/A a allonsu, akwai na mishan irin Katolika da Methodist da Presby waɗanda suma gwamnati ce take biyan malamansu, akwai kuma namu na Islamiyya masu turanci da larabci da suke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES wanda aka kafa a 1987. Waɗannan na ƙarshen in kin samu mai kyau kin huta ta fuskoki da yawa, hijabin 'yarki ba abin magana bane, Juma'a an san da ita, ana larabci, tun 2024 ma larabci ya shiga darussan da ake iya rubutawa a BECE. Amma kar sunan Islamiyya ya sa ki sassauta, ki auna ta da mudun da kika auna sauran, ki tambaya awa nawa ake bawa larabci nawa ake bawa turanci da lissafi, don wasu garin haɗa biyun sai yaro ya fito ba nan ba can. In ta mishan ce ki tambaya a fili yadda suke yi da yaran Musulmi lokacin addu'ar safe da maganar ɗankwali, gara ki ji tun yanzu. Ki kuma tambayi lokacin tashi don ya dace da makarantar allo ta yamma.

Kuɗi kuma kar maigida ya ɗauka kyauta na nufin ko kobo. Kuɗin makaranta kam babu, tun 2005 gwamnati take bawa makarantu wani ɗan kuɗi a kan kowane yaro a madadin abinda iyaye suke biya da, sai dai kaɗan ne kuma yana makara, shiyasa zaki ji ana cewa a kawo na buga takardun jarabawa, na PTA, wani wurin na eksta kilas. Ga yunifom da takalmi da littattafan rubutu. Ki ce a faɗa miki duka na tam guda, ki kuma tambayi wata uwa a bakin get ko abinda aka faɗa miki shine ake karɓa. Abincin gwamnati na rana shima ba kowace makaranta take dashi ba, inda ake yi ma wani lokaci masu dafawa suna tsayawa in ba'a biya su ba, don haka kar ki tura yaro da ciki wayam kina dogaro dashi, ki bashi kokonsa da safe ki sa masa ɗan wani abu a jaka.

Ki gaya wa yayar maigidanki wannan ma cikin ladabi, tunda gaban yaran take ji. Ƙarshen tafiyar nan BECE ce bayan JHS 3, daga nan kwamfuta ta raba yara zuwa sakandare, sakandaren gwamnati kuma kyauta ce tun Satumba 2017, kuma a tsarin rabon ana ware kashi 30 cikin 100 na gurabe a manyan makarantu don yaran da suka fito daga JHS na gwamnati. Yaran saito suna shiga Prempeh da Opoku Ware da Yaa Asantewaa da T.I. Ahmadiyya, ba tatsuniya bace. Don haka ki tambayi hedmasta wace JHS 'yan aji shidansu suke wucewa, ki je can ki ce a nuna miki sakamakon BECE na shekara biyu ko uku da suka wuce, ba na yaro ɗaya da ya yi zarra aka liƙa hotonsa ba, na ajin gaba ɗaya, nawa suka zauna nawa suka samu makaranta.

In kun duba ta kusa daku bata yi muku ba, ba dole sai ita ba, ba'a ɗaure ki da makarantar layinku, ku duba ta gaba da ta gaba da ita, in kun rasa gurbi ku je ofishin ilimi na Asokore Mampong tunda Aboabo a ƙarƙashinsa take. In kuma ta yi, shawarata ku kai su duka biyun, amma kuɗin da kuka huta biya kar ya narke a cefane gaba ɗaya, ki cire wani abu ki riƙa saya musu ƙananan littattafan labari a Kejetia ko Adum, in da hali ku haɗu ku uku ko huɗu a gidan ku ɗauki wani ɗalibi mai hankali ya riƙa zama dasu awa ɗaya da yamma. Ki san malamin ɗanki ido da ido, ki karɓi lambarsa, ki je mitin ɗin PTA ko da baki iya turanci ba ki yi magana da Hausa ko Tonanci wani zai fassara. Wannan yana min ciwo ƙwarai, a mitin sai ki ga iyayen zango ne suka fi ƙaranci alhali yaranmu ne suka fi yawa a ajin, malami kuma ɗan adam ne, yaron da ya san uwarsa zata zo ta tambaya baya mantawa dashi a bayan aji. Maigida ma ko sau ɗaya a tam ya ajiye sifana ya leƙa.

Ranar da zaku je rijista ki tafi da takardar haihuwa da katin awo na asibiti da katin inshorar lafiya in suna dashi, da ripot kad ɗin namijin daga tsohuwar makarantarsa, kuma ku biya firabet ɗin duk abinda suke binku ku rabu lafiya. Namijin aji ɗaya zai shiga macen KG 1, kar ki yarda da masu cewa a tsallakar dashi aji don ya fito daga firabet. Makarantun da suka yi suna a unguwa suna cika da wuri, ku fara zuwa tun kafin a tafi dogon hutu ba sai Satumba ta kama ba. In kin yi gwajin karatun nan ki sake rubuto min abinda kika gani a littattafan yaran, sai mu duba tare.